Farantin da Ke Tsallaka Shinge

Ina cikin zuba wa mutane kofi a tsakar gidan Don Eusebio, gawarsa tana falo ba a ma rufe akwatin ba, sai 'yarsa Yokasta ta riƙe mini hannu. Jirgin safe ta biyo daga New York, ko takalmin tafiya ba ta cire ba.

"Ke ce Chencha mai kawo masa abinci?"

Kamar ba ta san ni ba. Ni da na sha cire mata ƙwarƙwata a ka tana ƙarama, a kan dakalin gidana.

"Doña Chencha," na ce mata, tunda a nan Doña ake sa wa sunan babbar mace don girmamawa, Don kuma na namiji. "Ban mutu ba tukuna, sunana yana nan yadda yake."

"Abincinki ne ya kashe shi. Kullum ina gani a waya. Mai, gishiri, kitse. Mutum mai hawan jini, likita ya hana shi, ke kina ɗura masa kamar kazar da za a yanka."

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Mazan da ke buga wasan domino a ƙarƙashin mangwaro suka tsaya. Doña Pura, wadda ke jan addu'ar mamata a unguwarmu ta nan garin Moca, ta riƙe carbinta ba ta ƙara ja ba. Mutanen da na dafa wa abincin bikinsu, na dafa wa na sunan 'ya'yansu, na dafa wa na makokin iyayensu, duk suka sunkuyar da kai suna kallon kofi. Na ajiye butar a kan tebur, na goge hannuna da gefen siket, na fita. Har aka kai shi maƙabarta ban koma ba. Daga tagata na yi masa sallama.

Shingen langa-langa ne tsakanina da Eusebio, wanda mu tsofaffi muke kira Chebo. Tun da matarsa Milagros ta rasu, duk ranar duniya idan rana ta take, sai na miƙa masa faranti ta saman shingen, a wurin da kwanon ya lanƙwashe. Abin da na dafa wa kaina shi nake zuba masa. Shinkafa da jan wake da kaza, ko dafaffen agade da aka kirɓa da albasa, ko rogo da ƙwai. Ran Lahadi romon nama da kabewa. Da ya gaya mini maganar likita, sai na raba tukunya. Tasa ƙarama, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, na cika da tafarnuwa da lemon tsami don kada ya ji salaf. Ban yi makaranta ba, amma ba sai an yi makaranta ake sanin gishiri ba.

Farantin na uwata ne, na tangaran, mai shuɗin fure, bakinsa ya ɗan ɓalle. A nan ba a mayar da faranti haka nan, kuma Chebo bai taɓa mayar da shi haka nan ba. Da la'asar sai na ji ƙwanƙwasa a jikin kwano. In na leƙa, ga farantin a wanke tas, a tsakiyarsa 'yan wainoni guda-guda masu tauri, launin ƙasa.

Wainonin kare ne. Na sani tun ranar farko, ni ba jaka ba ce. Milagros ce take yi wa karnukansu, Chebo ya koya a wurinta, kuma shi ne kaɗai abin da ya iya dafawa in ban da kofi. Dafaffen dankali mai zaƙi, garin masara, ƙwai, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, babu gishiri babu sukari. Ya mulmula, ya jera a tukunyar ƙarfe, ya ɗora garwashi a kan murfi, ya zauna yana gadi shi da Tizon, baƙin karensa mai guntun wutsiya. Mutumin ba shi da wani abin da zai sa a farantin. To me zan ce masa? Sai in tsoma a kofi in ci. Ya taɓa tambayata ko sun yi daɗi. Na ce masa in ya ji na fara haushi da dare, ya san dalili. Ya yi dariya har sai da ya riƙe shinge.

A watanninsa na ƙarshe ya rame. Na gani, na kuma yi masa magana, don ni ba na ganin abu in haɗiye. Na ce, Chebo, karenka yana zama ganga, kai kana zama tsinke. Ya ce ai Tizon ya fi shi kwanciyar hankali, tunda ba shi da 'ya a New York. Da na matsa, ya ce sabon maganin ne yake tsotse shi. Farantin kuwa yana dawowa fes kullum, ko ƙwayar shinkafa babu. Ranar da ya rasu, da safe na ji Tizon yana wani irin kuka ƙasa-ƙasa. Na zagaya. Chebo yana kan kujerarsa mai lilo a baranda, hularsa a gwiwa, rediyo tana ta magana. Tukunyar ƙarfen tana gefe, garwashin kanta ya zama toka. Ni na rufe masa ido. Ni na kira Yokasta a wayarsa, wani mai babur ya danna mini lambar.

Ni ɗin nan ce matar da aka tsaya a gaban jama'a aka ce ta kashe shi.

Kafin a kwana biyu maganar ta gama unguwa. Na je shagon Bienvenido sayen mai, ya miƙo mini kwalba yana murmushi, wai in yi a hankali, shi yana da yara ƙanana. Na ce masa yaran da ba su yi kama da shi ba? Amma wasa ne a bakinsa, a bakin wasu ba wasa ba ne. Wata mai jego da nake aika wa romo ta aiko a ce mini ta gode, ta warke. Sannan Doña Pura ta zo har gida, ta zauna a gefen kujera kamar mai jin tsoron ta karye, ta ce Yokasta ta ce abincin addu'ar tara, ta cikar kwana tara da rasuwa, daga gidan abinci za a kawo, a cikin robobi.

Tun ina da ƙarfin ɗaga babbar tukunya ni kaɗai, ba a yi addu'ar tara a layin nan ba tare da hannuna a cikin abincin ba. Na ce wa Pura ban damu da tukunya ba, su ci roba in sun ga dama. Abin da nake so ɗaya ne. A tsakar gidan da yarinyar nan ta faɗi maganar, a gaban mutanen da suka ji, ta tsaya ta janye ta. Pura ta ce in yi haƙuri, baƙin ciki ne ya yi magana. Na ce to baƙin cikin ya zo ya ba ni haƙuri, tunda ya iya magana.

Ana cikin kwanakin makokin, wata rana da tsakar rana, hannuna ya yi abin da ya saba. Na zuba shinkafa da wake a farantin, na rufe da tsumma, sai da na isa shinge na ɗaga hannu sannan na tuna babu mai karɓa. Na tsaya haka da faranti a sama kamar wata sakarai.

Tizon ya taso da gudu daga ƙarƙashin baranda. Tun rasuwar ba ya cin komai, abincin karnuka na buhu da Yokasta ta sayo ma ko shinshina shi bai yi ba. Ya zo ƙarƙashin lanƙwasar kwanon ya zauna, ya kalli farantin, yawu yana zuba. Sai ya ruga wurin kwanon cin abincinsa da ke gindin tankin ruwa, ya tura shi da hanci, ya dawo ya zauna, ya sake rugawa. Kare ba ya irin wannan sai a kan abin da ya saba samu kullum.

Yokasta tana shanya a igiya, riƙe da wandon ubanta. Ta kalli karen, ta kalli farantin, ta kalle ni.

"Me yake yi haka?"

"Ke da kika yi karatu, ki gaya mini."

Na miƙa mata farantin. Ta karɓa, ta je ta juye a kwanon. Tizon ya fara da naman, ya ture wake gefe da hanci ya bar shi na ƙarshe, a natse, kamar mai cin abincin gidansu.

Sai ta fara magana, ba ma ni take kallo ba. Ta ce kullum da rana take kiransa lokacin hutunta a wurin aiki, kullum sai ya juya wayar ya nuna mata farantin, ya ce ta ga, Chencha tana kula da shi, kada ta kashe kuɗin jirgi. Ta ce yanzu take tunani, ba ta taɓa ganin ya kai cokali baki ba. Sai ya ce da zafi, zai bari ya huce. Ta ce ta tarar da gwangwanayen madara fanko cike da buhu a bayan ɗaki, ta rasa na mene ne. Ta ɗaga wandon da ke hannunta, bel ɗin yana jiki. An huda masa sabbin ramuka da ƙusa, ɗaya bayan ɗaya, har kusan tsakiya.

Wani abu ne ya tsaya wa Chebo a maƙogwaro ko a ciki, Allah kaɗai ya sani, ya ƙi gaya wa kowa. Ita ya nuna mata cikakken faranti, ni ya nuna mini wankakke, kare ya cinye abin da ke tsakani. Na ji kamar in je maƙabarta in tone shi in mare shi. Ni ina can ina auna gishiri da yatsu biyu, ina matse lemon tsami, ashe Tizon nake wa.

Ta zo jikin shinge, idonta ya yi ja.

"Doña Chencha, ki yafe mini."

"Ba a nan kika faɗa ba. Ba ni kaɗai na ji ba."

"In na faɗa a gaban mutane, me za su ce? Za su ce ubana yana mutuwa da yunwa ina kallonsa a waya ban gane ba."

"Za su ce. Za su kuma ce yana mutuwa da yunwa taku ɗaya daga tukunyata. Bakinsu ne. Amma ba za su ce na kashe shi ba."

"Shi bai so a sani ba."

"Shi ya tafi, 'yar nan. Ni ce zan je shagon Bienvenido gobe."

Ta koma ciki da farantin. Ban kira ta ta dawo mini da shi ba.

Ranar addu'ar tara na sa baƙar rigata na je na zauna a gaba, inda kowa zai gan ni. Pura ta ja carbi, aka amsa, aka kwashe furanni da kyandirori daga teburin, aka buɗe ƙofar gaba da aka rufe tun ranar jana'iza. Abinci ya zo a robobi kamar yadda aka ce, shinkafar ta dunƙule. Na ƙi karɓa. Yokasta tana ta kai da kawo, ba ta kalli inda nake ba, har na fara lissafin abin da zan tashi in faɗa da kaina, kuma ba mai daɗi ba ne.

Sai ta tsaya a gindin mangwaro, kusa da teburin domino. Ta ce tana da magana. Muryarta ta yi ƙasa, na ce mata ta ɗaga, kunnena ya tsufa. Ta ɗaga.

"Ranar nan na faɗi magana a kan Doña Chencha. Ƙarya ce. Babana ya yi watanni ba ya iya cin abinci, ya ɓoye mana. Abincinta kare yake ba wa. Ita ta ciyar da gidan nan, ni ina nesa."

Ta faɗi duka, har da madara da bel. Babu wanda ya tafa, babu wanda ya yi kuka. Wani tsoho ya cire hula ya mayar. Bienvenido ya kalli Tizon da ke kwance yana haki, ya ce to lallai wannan gishirin bai yi masa komai ba. Wasu suka yi 'yar dariya suka haɗiye. Na tashi na tafi gida. Na samu abin da na nema, kuma ban ji nauyin ƙirjina ya ragu ba ko kaɗan.

Washegari ta zo jikin shinge tana tambayata yadda ake wainar nan, wai ta ga ragowar garin masara da gyaɗa. Na gaya mata, dankali, gari, ƙwai, gyaɗa, garwashi a kan murfi. Ta ce nawa-nawa za ta auna. Na ce ubanki da ido yake aunawa, ke ma kina da biyu. Ta ce jirginta jibi ne, kuma ba a barin kare a ginin da take zaune. Na ce ni ba na kiwon kare. Ta ce ta sani.

Da la'asar na ji ƙwanƙwasa a jikin kwano. Kafin na fito ta shige ɗaki. Farantin uwata yana kan lanƙwasar shinge, a wanke, a tsakiyarsa 'yan wainoni, ƙasansu ya ƙone baƙi ƙirin, samansu bai gama nuna ba. Tizon ya riga ya kutso ta ƙarƙashin shingen, inda ya tona rami, yana zaune a bakin ƙofar kicin ɗina.

Na ɗora kofi. Na zauna a dakali, na karya ɗaya biyu, na kankare ƙunar da farce. Na tsoma rabi a kofi, na miƙa wa Tizon rabin.