Ratar da Ba Ta Kai Silin Gashi Ba

Ni na ƙera ƙarfen da sababbin haƙoran Yaya za su zauna a kai. Shekara ashirin ina wannan sana'a, ba yau na fara ba.

Likita ya riga ya dasa mata turaku huɗu a ƙashin muƙamuƙi. Ƙa'idar aikinmu ita ce a ɗora ƙarfen a kan turakun, a ɗaure ƙusa guda a gefe ɗaya, sannan a duba ɗaya gefen. Na duba. Ya ɗan ɗaga, ratar ba ta kai silin gashi ba.

Na ce, "Likita, bai zauna ba."

Ya ce, "Haba malam, ƙusa za ta jawo shi."

Da ya cire ƙarfen, Yaya ta kamo hannuna. "Ƙanena, jibi auren 'yata fa. So kake in shiga hoto baki rufe?"

Sake ƙera wani ba aikin kwana biyu ba ne; na ja da baya na ba likita wuri. Likita ya mayar, ya murɗa ƙusoshin har ƙarfen ya sauka dole.

Shi kuwa ƙarfe ba ya yafiya. Ko tana ci ko ba ta ci, jan turakun yake. Bayan wata bakwai ƙusa ta karye, turke ɗaya ya fara girgiɗi, ƙashin ya zaizaye.

Jiya na je gidanta. Na tarar tana jiƙa burodi a shayi, tana taunawa ta gefe guda. Ga hoton auren a bango, tana dariya, haƙora reras.

Ta ce, "Aikinka ba shi da laifi, ƙanena. Ƙashina ne ya tsufa."

Na ce mata haka ne.