Gorar da ta fi ta kowa tsabta

Ranar Laraba da rana na fi tsana a sashen gaggawa na yara. Makarantu suna tashi da wuri, kuma ita ce ranar da mazan garinmu suka ware don renon 'ya'yansu, wai ranar baba. Kwana ɗaya cikin bakwai mutum zai riƙe ɗan da ya haifa, amma ka gan shi ya shigo yana tura ƙirji sai ka ce shi ya tare teku da hannu ɗaya. Sunana Geertje Wiersma, shekarata ashirin da shida ina aikin jinya a wannan asibiti na lardinmu na Friesland, kuma na ga irinsu har idona ya gaji.

A wannan Larabar tun safe ake tsuga ruwa. Wajen ƙarfe biyu sai ga Reinout Dijkhuis, dogo, da tabarau da rigar ruwa, ya saɓo 'yarsa Jitske a kafaɗa. A keken nan mai akwati a gaba ya kawo ta. Shekararta shida. Tun daga bakin ƙofa nake jin ƙirjinta yana fito, fatar maƙogwaronta tana lotsawa duk lokacin da ta ja iska. Asma ce, kuma zuwansu na uku ke nan tun watan Fabrairu.

Ban tsaya gaisuwa ba. Na ɗauko inhela, abin fesa maganin asma, na ɗauko gora daga cikin namu na asibiti. Gora dai wani bututun roba ne da bai kai kamu ɗaya ba, ana cusa inhela a gindinsa, yaro ya kama ɗaya bakin da leɓɓansa. Idan aka fesa, maganin yana tsayawa a ciki har yaron ya shaƙe shi a hankali, maimakon ya ƙare a kan harshe. Na girgiza, na fesa ɗaya, na ƙirga mata numfashi biyar, na sake girgizawa. Kafin minti ashirin fiton ya ragu, leɓɓanta suka dawo da jininsu.

Abin da ta fara faɗa da ta samu iska shi ne, "Sista, zan iya yin iyo ranar Asabar?"

Jarrabawar iyo ta farko take nufi, wadda yara ke faɗawa ruwa da riga da takalmi, iyaye da kakanni suna tafi. A garin da duk inda ka juya magudanar ruwa ce, yaron da bai da takardar cin jarrabawar nan ba ya zuwa ko'ina sai da balan-balan na hana nutsewa a damtse. Jitske kaɗai ta rage a ajinsu. Sau biyu ana sa rana asma tana kwantar da ita, sau biyu kakarta tana zuwa da furanni tana komawa da su.

Na ce, "Bari mu ji ta bakin likita, 'yar tawa."

Uban bai jira likita ya zauna ba. Injiniya ne, irin masu kula da famfunan da ke kwashe ruwa daga gonaki, kuma ya tabbatar mun san haka tun a jimla ta biyu. Ya zaro waya ya nuna wa Dakta Tamminga jadawali mai launi uku: kowace fesa, da ranarta, da mintinta.

"Kun gani da idonku," in ji shi. "Ko sau ɗaya ba mu yi fashi ba, safe da yamma. Maganin ne ba ya aiki. A ba mu wanda ya fi shi ƙarfi, ni ban zo jayayya ba."

Dakta Tamminga yaro ne mai kirki, bara ya gama karatu, kuma duk wanda ya nuna masa jadawali ya gama da shi. Har ya fara gyaɗa kai. Ni kuwa na san irin wannan uban. Su ne masu karanta rabin takardar magani su zo su koya maka aikinka. Ka tambaye su ko sun iya, su ce maka "Ƙwarai kuwa" tun ba ka rufe baki ba. Ka miƙa musu inhela, ka ga abin takaici: wannan bai girgiza ba, wancan ya fesa huɗu a tare don kada a makara zuwa wasan ƙwallo, na taɓa ganin lauya da ya yi wata biyu yana fesawa da murfin a rufe.

Na kira shi da Meneer, wato Malam a yarenmu, na ce, "Meneer Dijkhuis, maganin da na ba ta yanzu shi ne wanda ke jakarka. A hannuna ya yi aiki. Ɗauko naku ka nuna min yadda kake yi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Jarrabawa za ki yi min, Sista?"

"Ita ma 'yarka jarrabawa take jira."

"Ni fa famfon da ke ɗaga ruwan gari guda nake sarrafawa."

"To ai wannan ba zai gagare ka ba. Bismillah, ga yarinya ga gado."

Na harɗe hannuwa ina jira, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji tun kafin ya fara. Ya buɗe jaka ya fito da gorarsu daga cikin wani ƙyalle. Ya cire murfi. Ya girgiza, sosai kuwa. Ya zaunar da ita a miƙe, ya duba leɓɓanta sun rufe bakin gorar ruf, ya fesa ɗaya tak, ya ƙirga biyar a hankali yana shafa mata baya. Ya cire, ya sake girgizawa. Babu inda zan sa baki. Ni da na koya wa iyaye sama da dubu, ban fi shi iyawa ba, kuma abin ya ƙona min rai.

"Na ci, Sista?" in ji shi, yana wani murmushi da ya sa na ji kamar in kwaɗa masa faranti.

Dakta Tamminga ya jawo kwamfuta zai rubuta sabon magani. A nan ne mutumin ya warware ƙyallen nan, tawul ɗin goge kwanuka ne mai layi-layi, an goge shi da dutsen guga har da kari. Ya kwance gorar gida biyu, ya cusa tawul a ciki, ya shiga murzawa. Ya murza ciki, ya murza waje, ya ɗaga ta sama ya duba a hasken fitila, ya ƙara murzawa har robar tana ƙara.

Na ce, "Tsaya. Me kake yi haka?"

"Tsabtacewa mana."

"Kullum haka kake yi?"

"Bayan kowace fesa. Ni da uwarta duka. Ba a ajiye abu da danshi a gidanmu."

Ai na sani. Mu mutanen nan da muke wanke tagogi ko ana ruwan sama, mu goge dakalin ƙofa har da burushi. Na karɓi gorar daga hannunsa, na yage gefen takardar da ke shimfiɗe a gado, na marmasa ta ƙanana, na kusantar da robar. Gutsattsarin suka yi tsalle suka manne mata, kamar yadda 'yan makaranta ke goga biro a gashi su ɗauki takarda. Jitske ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ka ga wannan?" na ce masa. "Haka maganin 'yarka yake yi. Kana fesawa, yana mannewa a bango. Rabin abin da ke cikin jadawalinka mai launi uku, ko fiye, bai taɓa ganin huhunta ba. Sau ɗaya a mako ake wanke ta, da ruwan ɗumi da sabulun kwanuka, a ajiye ta bushe da kanta. Ba a taɓa ta da ƙyalle. Wata huɗu kana shayar da roba magani, Meneer injiniya."

Na faɗi maganar da ƙarfi yadda na bayan labule ma za su ji. Na so ya ji kunya, kuma ya ji. Kunnuwansa suka yi ja. Ya daɗe yana kallon gutsattsarin takardar, sannan ya koma kan wayarsa yana ja da yatsa. Na ɗauka jadawalin zai sake nuna min.

"Na tambaya fa," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Zuwanmu na farko. Komai nakan rubuta." Ya juyo min da wayar.

Sha ɗaya ga Fabrairu. An rubuta: Na tambayi sista yadda ake kula da gora. Ta ce, ka dai tabbatar tana da tsabta kuma a bushe. G. Wiersma.

Na tuna ranar. Mura ta cika gari, yara har a baranda, na zo sallamarsu da ƙafa ɗaya a waje. Na tuna wani dogo mai tabarau yana bina da tambaya, na ce a raina ga wani sarkin iyayi, na jefa masa amsa ta kafaɗa na wuce. Ban ce ya nuna min komai ba. Na buɗe fayil ɗinsu a kwamfutar, ga gurbin nan da aka rubuta "An koya wa iyaye," ga alamar da na sa, ga sunana.

Dakta Tamminga ya yi kamar bai gani ba. Ya saurari ƙirjin yarinyar, ya rubuta mata maganin sha na kwana uku, ya ce ba sai an canza inhela ba. Sannan ya durƙusa a gabanta ya ce batun iyo ranar Asabar babu shi, huhun bai huce ba. Sai zagaye na gaba, bayan hutun bazara.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Hawaye kawai suka zubo mata, ta ce, "To me ya sa? Ai ina shan maganina kullum."

Na buɗe baki. Uban ya riga ni.

"Laifin Papa ne, Jitske. Papa ya cika goge-goge."

Bai ko kalli inda nake ba. Ya ninke tawul ɗinsa gida huɗu ya mayar jaka, ya sa mata rigar ruwa, ya ja mata zip har wuya. Ni kuma, mai bakin da likitoci ke tsoro, mai gaya wa kowa gaskiyarsa a gaban jama'a, na tsaya riƙe da gorar roba ban ce uffan ba.

Da za su fita ya tsaya ya ce, "Sau ɗaya a mako, ruwan ɗumi, sabulun kwanuka, ta bushe da kanta. Haka ne, Sista?"

"Haka ne."

Ya rubuta a wayarsa. Na ga ya sa kwanan wata, ya ƙara da sunana a ƙasa.