Salular da ke Hannun Zahra'u

"Mama, in aka karya wa mutum hannu, da me zai yi rubutu?"

Hamsatu na tsugune gaban murhu tana tuƙa tuwon masara. Ta dubi ƴarta Zahra'u, wadda ko makarantar lakwal ba ta shiga ba tukuna.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Tonton Abdu ne ya faɗa a salula. Ya ce zai karya miki hannu ya ga da me za ki yi dibwar."

Hamsatu ta saci kallon ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida. "Yi shiru. Yara ba sa kwasar maganar manya." Ta kunna mata katun a salularta. "Riƙe da kyau, kada ki ba kowa."

Abdu yayan mijinta Yusuf ne, gida ɗaya suke a unguwar Bobiel. Yusuf direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanyar Ƙonni fiye da gida. Shi kuwa Abdu shagon fotokofi gare shi a bakin jami'ar da Hamsatu ke karatu. Fasikil yake bugawa, darussan malamai ɗaure da igiyar roba, wanda bai saya ba kuwa ba shi da inda zai ga dibwar, wato aikin gida. Da injin fotokofin nan ya aurar da ƙannensa, har da Yusuf ɗin.

Bana sai wata malamar lissafi ta ɗora darasinta a wani shafin intanet na kyauta, buɗe ga kowa. Littafi na nan, dibwar na nan, kana amsawa yana nuna maka inda ka kuskure. Hamsatu ce wakiliyar aji, ita ta tura adireshin a rukuninsu na Watsaf. Kafin wata ya mutu wasu malaman sun bi sahu, layin shagon Abdu ya watse.

Ranar da la'asar Abdu ya shigo da babur, ya kwance wani kwali ya juye a tsakar gida. Fasikil ya bazu har bakin murhu.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunki. Ga abincinmu nan, ki dafa mana." Ya tako takardun. "Abin nan da kika sa, yau za ki cire shi."

"Yaya, ba nawa ba ne. Yana intanet, ni adireshi kawai na tura."

"Daga salularki ya fito ko ba daga nan ba? Duk wanda na tambaya, sai ya ce Hamsatu. To, a salularki yake. Ni za ki yi wa boko?"

"Wallahi ko ka jefa ta a kogi..."

Bai tsaya ji ba, ya riga ya hango salular a hannun yarinyar. Ya cafko. Zahra'u ta ƙanƙame da hannu biyu, don uwarta ta ce kada ta ba kowa. Ya fizga, ta biyo salular har ƙafafunta suka bar ƙasa. Sai ya murɗe.

Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Yarinyar ta buɗe baki, kuka bai fito ba.

Hamsatu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Mutumin da ko ido ba ta haɗawa da shi, ta sauke masa muciya a gefen fuska da tuwo mai zafi a jikinta. Ya yi ihu ya dafe kunci. Ta ƙara masa a gwiwar hannu. Ya juyo ya kwaɗa mata mari, leɓenta ya fashe, ta faɗi kan takardun. Ta rarrafa ta kife kan ƴarta, duk shurin da ya kawo a bayanta ya sauka, a haƙarƙari, a ƙugu. Ba ta ɗaga ba.

Da ya gaji sai ya ɗauki guntun bulo ya ɗora salular a bakin famfo. Ya doka, ya doka, har gilashi ya koma gari.

"Shi ke nan," ya ce yana haki, jini na bin kunnensa. "Na kashe shi."

Maƙwabta suka shigo suka rirriƙe shi. Hamsatu ta tallabi hannun Zahra'u da fasikil guda, ta naɗe da ɗankwalinta, ta fita ba takalmi ta tare taksi.

A asibiti aka ce ƙashi ya karye sama da wuyan hannu. Aka ɗora filasta. Matar da ke jinya a gadon kusa ta ara wa Hamsatu salula ta kira Yusuf. Da ta gama sai ta buɗe shafin, ta sa sunanta. Yana nan yadda ta bar shi da safe, tambaya ta gaba na jiranta. Ta daɗe tana kallo, kana ta mayar wa matar abinta.

Daga asibiti gidan iyayenta ta wuce, a Zongo, ta biya ta kumisariyar ƴan sanda da takardar likita. Da dangi suka zo biko da maganar zumunci, ta ɗaga musu hannun yarinyar kawai.

Zahra'u ta warke, amma har yau in ta riƙe alli sai ya kuɓuce mata, in kuma ta ji ƙarar babur a ƙofa sai ta shige bayan uwarta.

Ke da ke karanta wannan, in ɗanki ya kawo miki maganar da ya ji a bakin babba, kada ki ce masa ya yi shiru. Ki ajiye muciya ki saurare shi. Abin da wani ke hari kuma, kada ki damƙa shi a hannun yaro ki ce ya riƙe da kyau, don zai riƙe.