Dokin da Kalju Ya Taɓa

Ƙanena Kalju Pihlak ya shekara talatin yana kayar da gwanayen wasan ces, wato darar Turawa, a ƙasashen duniya, amma har gobe ba a ambaton garinmu Viljandi a gabansa.

Shekarar da ya ciyo babban kofi ya dawo gida, aka shirya masa wasa da mutum ashirin a lokaci ɗaya. A allon ƙarshe mahaifiyarmu Salme ce zaune, mai shekara tamanin, wadda ta koya masa wasan a teburin kicin.

Ya gama da sha tara kafin shayinsa ya huce. Da ya iso gabanta sai ya yi murmushi, yana shafa kan dokinsa da ke kan allon.

"Mama, mu tashi canjaras mana."

"Canjaras? Ni za ka yi wa sadaka? Ka taɓa doki, sai ka matsar da shi. Doka ce."

Ya duba. Duk inda dokin ya nufa, sarauniyarsa ta tafi. Zauren ya kaure da dariya, ni na fi kowa.

Da ta gama da shi ta gyara masa wuyan riga.

"Tun kana shekara shida nake hana ka wasa da hannu."