Tsohuwa Za Ta Maƙabarta

A wurin aikinmu akwai wani tauraron ɗan'adam da muka laƙaba wa suna Tsohuwa, har kowa ya koma ce masa "ita". Shekararta goma sha bakwai a sama, kusan kilomita dubu talatin da shida daga ƙasa. Sau ɗaya take zagaya duniya a kwana, daidai da juyin duniyar, shi ya sa kullum sai ka ce a tsaye take. Ni ke lura da man da take gyara zamanta da shi, kuma man ya kusa ƙarewa.

A gida ma ina da tsohuwa, Ummata, wadda ta dawo wurina bayan rasuwar Abba.

Ranar Asabar da hantsi ina wanke-wanke a kicin, shugaban sashenmu ya kira. Mutumin nan bai san hutu ba, bai kuma yarda wani ya sani ba. Na maƙale wayar a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, na ga sakamakon," na ce. "Tsohuwa ba za ta wuce wata uku ba. Gara mu fara shirin maƙabarta tun tana da sauran ƙarfi."

Ina juyowa na ga Umma a bakin ƙofa da kofi a hannu. Ta ajiye shi ta koma. Ban kawo komai a raina ba.

Da yamma na leƙa ɗakinta. Akwatinta a buɗe, zannuwanta kashi uku a kan gado, kowane kashi da 'yar takarda a kai: na ƙanwata, na matar yayana, nawa. Keken ɗinkinta ma ta lulluɓe shi.

"Umma, tafiya za ki yi?"

"Ke kika faɗa ai, Injiniya. Wata uku."

Na shiga tunanin inda na faɗi haka. Da na gane, sai dariya ta kama ni har na dafa bango.

"Haba Umma! Ƙarfe ne fa, na wurin aiki!"

Na ɗauki ƙullin zarenta na aza a tafin hannu a matsayin duniya, ina zagaya shi da maɓalli. Na ce taurarin da ke kusa da ƙasa, masu zagaye cikin minti casa'in, in sun tsufa sauko da su ake yi su ƙone a iska. Irin Tsohuwa kuwa sun yi nisa, sai a yi amfani da ragowar man a tura su sama kamar kilomita ɗari uku, zuwa hanyar da ba mai bi.

"Can muke kira maƙabarta. A can za ta ci gaba da zagayenta kamar farin wata, ba ruwanta da mai."

Ina ta zuba, ina jiran ta ce wannan aiki namu sai mu. Ba ta yi dariya ba.

"Wato ba likita ne ya kira ki ba?"

"Wane likita?"

Ta dube ni. Sannan ta ɗaga matashi ta zaro ambulan mai tambarin asibiti. Kwanan watan da ke jiki na satin da ya wuce ne, ranar da ta ce min za ta sayen zare.

"Na roƙe shi kada ya gaya miki sai kin gama aikin nan da ke hana ki cin abinci."

Na zauna a kan zannuwan. Na tsorata, kunya kuma ta rufe ni. Ni da nake sanin ɗigon man da ya ragu a can sama, sai yanzu na lura zoben Umma ya bar yatsan da na san shi, ya koma na tsakiya, an naɗa masa zare don kada ya zame. Ina riƙe da takardar, na kasa karanta ko layi ɗaya.

"Umma, me ya ce miki?"

Ta karɓi maɓallin daga hannuna ta mayar cikin gwangwani.

"Shi wata huɗu ya ce. Da na ji kin ce uku, na ɗauka ya rage min ɗaya ne."