Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Sau uku Barista Munira tana yi mata bayani, sau uku Inna Riskuwa tana cewa wannan ba shari'a ba ce, wasan yara ne. Suna tsaye a barandar kotu a Birnin Kebbi, Inna ta riƙe ƙugu. Da sassafe ta baro Argungu a motar da aka cusa su huɗu a baya, gwiwarta na kuka har suka iso, don kawai ta ji wanda ya jinginar mata da gida ya buɗe baki ya yi bayani. Yanzu kuma lauyar gwamnati, yarinyar da ba ta girmi jikarta da komai ba, tana gaya mata wai mai yiwuwa a sallame shi bai ce uffan ba.

Munira ta sake farowa a hankali. Lauyansa ya roƙi kotu cewa ba shi da tuhumar da zai amsa. Doka ta ce idan masu ƙara suka gama kawo shaidu, alƙali zai duba, a ce ma an gaskata duk abin da suka faɗa, shin akwai igiyar da ta ɗaure wannan mutum da laifin? In babu, ba a ma tambayarsa. Sai a ce ya tashi ya tafi.

"To gidan da ƙahwarshi yat tahi banki?" in ji Inna.

Gida ne na ɗaki huɗu da rumbu, kuma ba gado ba ne. Da kuɗin gumi ta gina shi, shekara arba'in tana turara shinkafa tana shanyawa tana kaiwa kasuwa. Bara wasu samari suka zo da jan fenti suka yi rubutu a katangarta. Ta ɗauka masu rigakafi ne, har ta dama musu fura. Sai da maƙwabcinta ya karanta mata: wani ƙaramin banki ne zai sayar da gidan. An jinginar da shi an karɓi bashi da sunan wani kamfanin taki wanda ba shi da shago balle ƙofa, kuma a ƙasan takardar ga dangwalen yatsa, wai nata. Munira ta gaya mata tun farko: idan kotu ta kama mai laifi da zamba, takardar jinginar ta karye ƙafa. Idan aka sallame shi, banki zai ci gaba da neman mai saye, ita kuma sai ta faro wata ƙarar a wata kotun.

Shaidu uku aka kawo. Manajan banki ya rantse da Alƙur'ani cewa shi bai ga kowa ba, takarda ya tarar. Ma'aikacin da ya yi cinikin kuwa ba a same shi ba, ya bar aiki, wayarsa a kashe. Sai wani da ake kira masanin zanen yatsa, wai masani. Sau goma yana tsoma yatsan Inna a tawada yana dannawa, sau goma yana fitowa sumul kamar baƙin ƙwai. Tafasasshen ruwa da taɓarya sun cinye zanen tun tuni. Ya rubuta cewa ba zai iya cewa nata ne ba, ba kuma zai iya cewa ba nata ba ne. Alhali wanda ke jikin takardar zanensa raɗau kamar kunyoyin gona. Inna ta ce ko jaki aka nuna wa zai gane. Lauyan wanda ake tuhuma, wani Barista Ikrima mai ƙamshin turare, ya miƙe ya ce babu jaki a jerin shaidun gwamnati.

Saura ita. Ita kaɗai ta ga wanda ya buɗe adakarta ya ɗauki takardar gidan, ya ce zai kai a sa mata roba kada gara ta ci. Kuma wannan mutum ɗan farinta ne.

Shekara arba'in da bakwai Inna Riskuwa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba. Haka ta tarar, haka uwarta ta yi da yayanta. Ana yaye ɗan nata kakarsa ta ɗauke. In dole ta kama sai ta ce "wancan". Matar da ta taɓa zagin mai karɓar haraji har ya bar kasuwa da takalmi ɗaya, wannan suna guda ne bakinta bai iya ɗauka ba.

Ranar da ta ba da shaida, awa ɗaya da rabi tana magana. Hodi, tafintan kotu, ya jiƙe sharkaf da gumi wajen juya tsinuwarta zuwa Turanci. Ta tsine wa banki, ta tsine wa mai fenti, ta tsine wa wanda ya ƙirƙiro roba. Da Munira ta tambayi wanda ya ɗauki takardar, ta ce ɗan da ta haifa ne, ya kuma san kansa. Munira ta fara cewa ko babban ne, Ikrima ya zabura ya ce ana sa wa shaida magana a baki, alƙali ya yarda da shi. Aka ce to ta nuna shi. Ta juya fuska bango ta wurga hannu ta baya, hannun ya faɗa tsakanin ɗan sanda da fanka.

Da Ikrima ya tashi yi mata tambayoyi, tambaya ɗaya ya yi, cikin ladabi kamar mai neman aure. 'Ya'ya maza nawa gare ta? Inna ta ce uku. Ta lissafa: Faruku, Sunusi, Arzika. Wace mace mai kunya ce ke sa ɗan fari a lissafi gaban taron maza? Ikrima ya yi godiya ya zauna. Tun ranar Munira ba ta sake cin abinci da daɗi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka buga tebur. Magatakarda ya kira sunan wanda ake tuhuma, Inna ta sunkuyar da kai kamar kullum, ta ji takunsa ya shiga akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma. Alƙali ya fara karatu da Turanci, Hodi na gutsuro mata.

Ya ce a wannan mataki ba ya auna wa ya fi gaskiya. Ya ɗauka duk abin da tsohuwa ta faɗa gaskiya ne, bai rage komai ba. To me ta faɗa? Ta ce ɗanta ne ya ɗauki takarda. Ta ce 'ya'yanta uku ne, ta ambace su, babu wanda ke tsaye a akwati a cikinsu. Ta nuna wajen fanka. Sai alƙalin ya cire tabarau, ya sauka zuwa Hausa da kansa. Ya ce shi ma ɗan fari ne, mahaifiyarsa har ta koma ga Allah "mutumin nan" take ce masa. Ya san abin da ya faru sarai. Amma abin da ya sani a zaure daban, abin da ke cikin fayil daban, kuma ba a ba shi ikon rubuta wa shaida abin da ba ta faɗa ba. Ya mayar da tabarau. Babu tuhumar da za a amsa. An sallame shi, an wanke shi.

Ya rufe alƙalami, aka buga tebur, kowa ya miƙe. Inna ma ta miƙe, amma ba don alƙali ba. Ta juya gaba ɗaya ta dubi akwatin.

Furfura ta gani. Gemunsa rabi fari ne, ba wanda ya taɓa gaya mata. Ga wani tsohon tabo a saman girarsa wanda ba ta san ranar da ya same shi ba.

"Usmanu."

Bai fito da ƙarfi ba, amma har ɗan sandan sai da ya waiwayo. Mutumin ya durƙushe cikin akwati, hularsa kaɗai ake hange.

"Na'am, Inna."

"Kai kaɗ ɗauki takardar gidana."

"Ni ne, Inna."

Ikrima ya yi tsalle yana cewa ya rufe baki, ya rufe baki. Hodi kuwa, da yake aiki ya bi jikinsa, ya gyara murya ya juya maganar duka zuwa Turanci, tambaya da amsa, yana fuskantar kujerar alƙali. Ba kowa a kanta. Ƙofar baya ta riga ta rufe.

Inna ta kama hannun magatakarda ta ce ya rubuta. Ya ce littafi ya rufu. Ta ce ya buɗe, ai ba kabari ba ne. Ya ce ba shi ke buɗewa ba, kuma lokacin salla ya kusa.

A baranda Munira ta yi mata bayani idonta jawur. Abin da aka faɗa bayan alƙali ya tashi, a wajen kotu kamar tari ne. Ana iya ɗaukaka ƙara, amma kotun sama ba ta sauraron mutane, fayil take karantawa, kuma a fayil 'ya'yanta uku ne. Ba kuma a sake gurfanar da mutum kan laifin da aka wanke shi.

"Ke nan dai," in ji Inna, "ɓarawo ya ce shi ne, mai kaya ta ce shi ne, alƙali ya ce ya sani, amma takarda ba ta ji ba."

Munira ta ce haka ne.

Inna ta tofar da yawu a gindin dogon yaro. Sai ta tambayi inda ɗaya kotun take, wadda za ta ja da banki kan gidan. Munira ta kwatanta mata, ta ce za ta haɗa ta da lauyan da ba ya karɓar kuɗin talaka.

"Can ma suna tambayar suna?"

"Za su tambaya, Inna."

"To ki ce musu sau ɗaya zan hwaɗi. Su wanke kunnuwansu, alƙalami na buɗe."

Ta gyara mayafi ta nufi bakin titi. Yana can tsugune a kan tsakuwa, tsakiyar rana, kansa a ƙasa, hularsa a hannu. Ta wuce shi fuskarta na kallon gabas. Ta tsayar da ɗan kabu-kabu, ta yi cinikin tashar Argungu har sai da ta rage naira hamsin, ta ɗaga gwiwar nan mai ciwo ta hau. Yana tayar da mashin ta taɓa kafaɗarsa.

"Dakata. Je ka ce ma wancan shi tashi daga cikin rana."