Tarwaɗar da Aka Rufe da Bango

Mahaifina, Ermete Baldazzi, maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Modena a ƙasar Italiya, sana'arsa bugun jikin mota da guduma. Ƙaninsa Oreste kuwa, ban da tuƙi da surutu, babu abin da ya iya.

Gab da yaƙin duniya na biyu, su biyun suka ƙera motar tsere a rumbun bayan gidanmu. Injin wata tsohuwar mota suka gyara, Baba ya buga mata jiki na alminiyam, sumul, kai faffaɗa, wutsiya siririya. Har tayoyin ya lulluɓe, don kada iska ta sami abin kamawa. Mutanen ƙauye suka raɗa mata suna Tarwaɗa.

"Yaya, wannan ai a kogin Po ya kamata mu gwada ta," in ji Baffa Oreste.

"Rufe mini baki. Kai dai kada ka jefa mini ita a rami, yadda ka yi wa keken fadan cocinmu."

"Keken fada ba shi da birki!"

"Kai ne ba ka da birki."

Mama tana daga kicin tana ƙwala musu kira, tuwon masara zai huce.

Sau ɗaya suka gwada ta, a miƙaƙƙiyar hanyar Ferrara. Ina ƙarama, amma ban manta ba. Ta wuce mu kamar walƙiya, ƙararta ta biyo baya. Baffa ya fito yana dariya.

"Yaya, ba gudu take yi ba, tashi take yi!"

Suka yi niyyar shiga babban tseren bazara. Sai giyar motar ta lalace, kafin su samo wata, aka kira Baffa aikin soja. Daga baya aka tura su Rasha. Ranar tafiyarsa ya shafa motar ya ce wa Baba, "Kada kowa ya zauna mini a kujera. Har kai."

"Wa zai shiga? Da gajerun ƙafafunka na auna ta."

Da sojoji suka fara kwashe ƙarafa, har ƙararrawar coci ba su bari ba, Baba ya gina bango a tsakiyar rumbun, ya rufe motar a baya, ya jibge ciyawa a gaba.

Yaƙi ya ƙare. Wasu suka dawo, wani babu yatsu, wani babu magana. Baffa shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Duk jirgin ƙasan da aka ce ya kwaso fursunonin yaƙi, Baba yana tasha da hularsa a hannu. Bayan shekaru Mama ta ce, "Ermete, a bar fada ya yi masa addu'ar mamata."

"Wa ya nuna miki gawarsa?"

Bai sake buga jikin mota ba. Bokitai da tukwane ya koma yi, bangon kuma ya hana a taɓa.

Sai da ya tsufa, idanunsa suka mutu, Mama ma ta rasu, sannan rufin rumbun ya fara zubewa. Magini ya ce dole a rushe bangon. Baba ya ce, "Ku fasa."

Motar tana nan, tayoyi sun kwanta, ƙura ta rufe ta. Na kama hannunsa na kai shi. Ya bi ta da tafin hannu tun daga kai har wutsiya, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka.

"Nives," ya kira ni.

"Na'am, Baba."

"Ya mutu, ko?"

"Ya mutu, Baba."

"Cikin sanyin nan na Rasha. Shi da ba ya son sanyi."

Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba. Bai ga ƙarshen hunturun shekarar ba.

Labarin motar ya bazu, wani gidan adana kayan tarihi a Turin ya karɓe ta. Na je sau ɗaya. An wanke ta tana walƙiya, mutane suna ta ɗaukar hoto. A ƙaramin allon da ke gabanta an rubuta cewa ba ta taɓa shiga tsere ba. Na miƙa hannu ta saman igiyar da aka kewaye ta.

"Yi haƙuri, Iya," in ji mai gadi, "ba a taɓawa."

Na janye hannuna, na fita neman jirgin komawa gida.